Bindiga a hammata, gona a baya: muhawara kan zanen farautar masu mulki

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya ina neman hoton da zan nuna wa ɗalibaina kan yadda ƙauyukan Ingila suke kafin zuwan masana'antu, sai na faɗa kan wani zane da ya hana ni kwanciya da wuri. Thomas Gainsborough ne ya yi shi wajen 1750. Miji da mata ne, Robert Andrews da amaryarsa Frances, a gindin wata ƙatuwar bishiya. Ita tana zaune a benci cikin shuɗiyar riga, shi yana tsaye ya harɗe ƙafa, bindiga a hammata, karensa na kallonsa. Abin da ya ɗaure mini kai, an tura su can gefe guda, fiye da rabin zanen gona ce: alkama an girbe an ɗaure dami-dami, ga tumaki can nesa. Kuma duk faɗin gonar nan babu lebura ko ɗaya. To wa ya yi girbin? Tambayata dai ita ce, me ya sa manyan da, in za a zana su, sai sun riƙo bindiga ko sun hau doki da karnuka a biye? Ni a sanina farauta neman nama ce. Wannan kuwa bai yi kama da wanda ya rasa nama a miya ba.

Sadiya:
Wa alaikumus salam Malam. Zanen yana nan Landan a gidan ajiye zane-zane na National Gallery, na tsaya a gabansa ya fi sau uku. Ba shi da girma ma, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya ne kawai. An ɗaura musu aure a 1748 tana da shekara 16, kuma ƙasar da ke bayansu tasu ce, kusa da garin Sudbury. Ku ƙara girman hoton ku dubi cinyarta. Akwai wurin da mai zanen ya bari bai ƙarasa ba, hannayenta na riƙe da abin da babu shi. Wasu sun ce tsuntsun da mijin ya harbo za a sa, wasu sun ce an bar wa jariri wuri ne.

Ɗan Maharba:
Malam Habu, Allah ya gafarta, wannan mutumin ba daga daji ya dawo ba, kuma ba dajin za shi ba. Ku dubi farar safar da ke ƙafarsa. Mahaifina maharbi ne, na tashi ina riƙe masa gora da jaka, ban taɓa ganin wanda ya bi sawun dabba ya dawo ba ƙarangiya a wandonsa ba. Wannan ado ya ɗauko, kamar yadda ango ke riƙe sanda ranar hoto.

Lauya Musa:
Ɗan Maharba ya kusa, amma bindigar ta fi ado. Takardar shaida ce. A 1671 majalisar Ingila ta yi dokar da ta ce ba mai ikon harbin zomo ko makwarwa ko makamantansu sai wanda ya mallaki ƙasar da ke kawo masa fam 100 a shekara, ko magajin wani mai muƙami. Leburan gona a lokacin ko rubu'in wannan kuɗi ba ya gani a shekara. Manomin da ke haya, zomo na cin amfaninsa yana kallo, ba shi da ikon kashe shi. Mai gadin dajin ubangida kuma doka ta ba shi damar ƙwace bindiga da raga da karen farauta a hannun talaka. Abin dariyar ma, ƙasa mai kawo fam 2 a shekara ta ishi mutum ya jefa ƙuri'ar zaɓen ɗan majalisa, amma sai ya ninka ta sau 50 kafin ya harbi tsuntsu. Saboda haka duk wanda ya ga Andrews da bindiga da kare a 1750, ba sai an gaya masa nawa yake samu ba.

Malam Habu:
Ikon Allah. Wato zaɓen ɗan majalisa ya fi harbin makwarwa araha.

Lauya Musa:
Kaɗan ma ka ji. A 1723 aka ƙara wata dokar da ake kira Baƙar Doka, saboda masu satar farauta suna shafa baƙi a fuska da dare. In aka kama ka a dajin barewa da makami ka ɓad da kama, hukuncinka rataya. Daga baya, a 1816, wanda aka kama da makami yana farautar dare ana iya tasa ƙeyarsa zuwa ƙetare shekara bakwai, kuma Ostareliya aka fi kai irinsu. Sai 1831 aka cire sharaɗin mallakar ƙasa.

Hajiya Turai:
Ni fa ina da ja a nan. Ku maza komai sai kun mai da shi siyasa da shari'a. Mutum ya yi aure, yana son gonarsa, yana son karensa, ya kira mai zane ɗan garinsu ya ce zana mu. Shi ke nan sai ya zama azzalumi? Yau in Alhaji ya ɗauki hoto a gaban sabon gidansa, dole sai ya jero magina da masu kwaɓa siminti a ciki? Ku dubi gajimaren nan, ku dubi hasken da ya sauka a kan alkama. Yaron da ya zana wannan bai fi shekara 23 ba. Ni abin da na gani ke nan.

Sadiya:
Hajiya, gaskiyarki game da gajimaren, a zahiri ma ya fi kyau. Gainsborough kansa ya fi son zana daji da gonaki, zanen fuskokin masu kuɗi abinci ne ya sa shi. Amma ki dubi fuskar Frances da kyau. Ni duk lokacin da na tsaya a gabanta ji nake kamar za ta ce mini wa ya ba ki izinin shigowa gonarmu.

Hajiya Turai:
Ƙanwata, yarinya 'yar sha takwas a zaunar da ita awa da awanni cikin rigar da ta matse ta, me kike so fuskarta ta yi? Ni ma da haka zan ɗaure.

Lauya Musa:
Hajiya ban ce azzalumi ba ne. Ban san halinsa ba. Na ce dai abin da ya riƙe yana da ma'ana a idon mutanen zamaninsa, kamar yadda in kika ga mutum da rawani mai kunne biyu ba za ki ce sanyi yake ji ba.

Bala Damagaram:
Salamu alaikum. Mu da muka yi karatu da Faransanci an cusa mana tarihin Faransa har ya ishe mu, bari in kawo nawa. Fadar Versailles da ake ta yayatawa, asalinta ɗan masaukin farauta ne da Louis na 13 ya gina wajen 1623, ɗansa ne ya mai da ita abin da ta zama. Louis na 15 yana da mai zane, Jean-Baptiste Oudry, wanda har karnukan sarki yake zanawa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sunan kowace karya a jikin zanen da harufan zinariya. Manoman da ke kewaye da dazuzzukan sarki kuwa, barewa da aladen daji su shiga gona su yi ɓarna, ba halin taɓa su. Da aka ce talakawa su rubuto koke-kokensu a 1789, maganar namun dajin nan ta fito a ƙauyuka da yawa, kuma a watan Agusta na shekarar aka soke keɓe farauta ga masu sarauta.

Sai labarin da kowane ɗan makaranta a wajenmu ya sani. Ranar 14 ga Yuli 1789 da aka fasa kurkukun Bastille a farkon juyin juya halin Faransa, Louis na 16 ya rubuta kalma ɗaya a littafinsa, ma'anarta "ba komai". Ana yi masa dariya a kai, amma a yi masa adalci, littafin mafi yawansa lissafin farauta ne, nufinsa ranar bai fita ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 5 ga Oktoba, ranar da matan Paris suka tako a ƙasa har Versailles suna neman burodi. Yana daji yana harbi aka je aka kira shi. Ya rubuta ya kashe 81, sannan ya ƙara cewa abubuwan da suka faru sun katse shi.

Malam Habu:
Kai, Malam Bala! Gari na ci da wuta shi yana ƙirga tsuntsaye.

Bala Damagaram:
Akwai ƙari. A gidan tarihi na Louvre akwai zanen Charles na ɗaya, sarkin Ingila, wanda Van Dyck ya yi wajen 1635. Wai ya sauka daga doki ne a wurin farauta. Ba kambi, ba gadon sarauta, hula ce kawai da sanda da takobi, ya riƙe ƙugu. Mutumin gajere ne, sai mai zanen ya ɗora shi a ɗan tudu ya zano shi daga ƙasa, kai mai kallo ka zama kana ɗaga kai. Dokin ma an sa ya sunkuyar da wuya kamar mai gaisuwa. An sare kan Charles a 1649. Zanen ya bi hannuwa har Louis na 16 ya saye shi a 1775, shi ma aka sare nasa a 1793.

Alhaji Garba:
Dokin nan ba gaisuwa yake ba, Malam Bala. Na duba hoton yanzu. Dokin da aka sukwana ya gaji haka yake sauke wuya yana goga baki a ƙafa. Shekara talatin ina kiwon dawaki. Ku masu karatu kuna ganin fassara a inda doki ke sosa ƙaiƙayi.

Bala Damagaram:
Ranka ya daɗe ban musa ba. Amma cikin duk abin da doki ke yi, me ya sa wannan aka zaɓa aka zana a bayan sarki?

Alhaji Garba:
To, wannan kuma ka kama ni.

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ba zan shiga hukuncin zana mai rai ba, maganar malamai a kai sananniya ce kuma ba ita aka buɗe zaure a kanta ba. Amma kada a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. A hamadar Jodan akwai wani ɗan gini da ake kira Ƙusair Amra, na zamanin Banu Umayya, wanda Walid ɗan Yazid ya gina kafin ya zama halifa a 743. Bangonsa cike yake da zane, har da na karnuka suna koro jakunan dawa zuwa cikin raga. A Farisa kuma Bahram Gur, wanda ya yi sarauta daga 420 zuwa 438, masu zane sun yi ɗaruruwan shekaru suna maimaita hotonsa a kan raƙumi yana harbin barewa.

Farauta kanta halal ce. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar abin da dabbobin da aka horar suka kamo, kuma hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya yi bayanin kare da kibiya. Sai dai duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da Ibnu Abi Zaid ya ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa ta halatta. Tambayar Malam Habu ta farko ke nan, an riga an raba ta gida biyu tun fiye da shekara dubu.

Malam Habu:
Allah ya saka da alheri Ustaz. Wallahi na karanta wurin nan ina yaro, ban taɓa kawo shi kusa da wannan ba.

Sadiya:
Tunda Ustaz ya buɗe ƙofar gabas, sarakunan Mughal na Indiya sun fi kowa. A gidan tarihi na Victoria da Albert akwai shafukan littafin tarihin sarki Akbar da aka zana wajen 1590. Ɗaya yana nuna farautar da aka yi kusa da Lahore a 1567. Dubban mutane aka tara suka yi wa daji zobe, suna matsowa a hankali har tsawon makonni, dabbobi suka taru a fili ɗaya da aka kewaye da shinge. Sannan sarki ya shiga shi kaɗai a kan doki, da takobi da kibiya, kwana biyar, kafin a bar fadawa su shiga. Zanen kamar guguwa, barewa na tsalle ta ko'ina, ana feɗe wasu a gefe. A wani lungu kuma ga wani bafade da ya yi laifi, an aske masa kai an ɗora shi a jaki yana fuskantar baya ana zagayawa da shi.

Ɗansa Jahangir ya sa an yi masa lissafi. Daga shekara 12 zuwa 50, dabba 28,532 aka kashe a gabansa, 17,167 da hannunsa. Shi da kansa ya rubuta.

Ɗan Maharba:
Tsaya ƙanwata. A kewaye dabba da shinge sannan mutum ya shiga da takobi? Wannan ai mahauta ce, ba farauta ba. Mu ma muna yin farautar gayya da rani, a buga gangi, gari da gari su fito da karnuka da gora, a yi wa daji ƙawanya. Amma kowa na ciki, wanda ya fara jifa shi ke da nama, kuma a kan haka ake faɗa har a ji rauni. Ba wanda ake tara wa dabba a ce bismilla ranka ya daɗe. Maharbi na gaske kuma shi kaɗai yake shiga, ya kwana a kan bishiya, ya san iska ta ina take kaɗawa. Wani lokaci kwana uku ya dawo da gada ɗaya, wani lokaci hannu rabbana.

Lauya Musa:
Abin da ka raina shi ne ainihin saƙon. Sarkin da zai iya tara dubban mutane su yi wata guda suna kora, a ciyar da su, a tsara su ba tare da zoben ya ɓalle ba, ya nuna wa kowa zai iya tara runduna. Akbar ya sha fita da sunan farauta ya ɓulle a kan iyakar wanda yake son ya razana. Kuma abin ya girmi Akbar nesa. A gidan tarihin Birtaniya akwai sassaƙen dutse daga Nineba, ta ƙasar Iraƙi a yau, na sarki Ashurbanipal wajen shekara 645 kafin haihuwar Annabi Isa. Ana nuna shi yana kashe zakuna. In ka duba gefe sai ka ga wani ɗan ƙaramin mutum a kan keji yana ɗaga ƙofa yana sako zakin. Ba su ma ɓoye ba.

Ustaz Nura:
A yi wa Akbar adalci shi ma. A 1578 an shirya masa irin wannan zoben a yankin Punjab, dabbobi sun taru, sai wani hali ya same shi ya ce a buɗe a sake su duka, kada a taɓa ko ɗaya. Ya yi sadaka mai yawa a wurin, aka rage masa gashin kai.

Hajiya Turai:
Yawwa. Ga shi nan, mutane ne masu zuciya, ba alamomin mulki kawai ba. Kuma ina matan suke a duk wannan labari? Ko su kullum a benci ake ajiye su kamar Frances?

Sadiya:
Ba duka ba Hajiya. Jahangir ya rubuta cewa matarsa Nur Jahan ta kashe manyan namun daji huɗu da harsashi shida daga kan giwa, ya yi murna ya ba ta mundaye masu tsada. A Jamus kuma Lucas Cranach ya zana wata farauta a 1544 kusa da fadar Torgau, an koro barewa cikin ruwa, ga uwargidan mai mulkin Saxony a ɓoye cikin ganye ta ɗana baka. A zanen an sa sarkin sarakuna Charles na biyar a matsayin babban baƙo. Bayan shekara uku shi wannan baƙon ya ci mai masaukin da yaƙi ya kama shi.

Malam Habu:
Ina so in koma kan maganata ta leburori, don na sami abin da ya karya ta. Bayan Lauya ya yi bayani na shiga neman zanen Sifen, sai ga na Velázquez, sarkin Sifen Philip na huɗu yana farautar aladen daji a cikin wani fili da aka kewaye da zanen tufa. Sarkin ɗan mitsitsi ne a tsakiya, sai ka nema. Waɗanda suka cika gaban zanen su ne 'yan kallo, masu riƙon karnuka, barori, wasu ma sun juya wa sarki baya suna hirarsu. Wannan mai zanen fada ne fa, albashin sarki yake ci. To ina maganar cewa ana share talaka?

Lauya Musa:
Ba a share su ba, amma dubi inda suke: wajen shinge.

Malam Habu:
Haka ne, amma idon mai zanen yana wajensu. Ni dai na ga kamar hirar barorin ta fi ba shi sha'awa.

Sadiya:
Shi ma yana National Gallery, Malam, kuma na yarda da kai. Velázquez ya yi wasu uku don masaukin farautar sarki da ke dajin El Pardo kusa da Madrid: sarki, ƙanensa, da ɗansa Baltasar Carlos. Yaron yana da shekara shida, an ba shi 'yar bindiga daidai tsawonsa, wani ƙaton kare na barci a gefensa. Ba ado, tufafi masu duhu. Yana ba ni tausayi don bai yi sarautar ba, ya rasu a 1646 yana da shekara 16.

Ɗan Maharba:
Karen da ke barci shi ne gaskiyar zanen. Ya san yau ba inda za a je.

Wani ya turo mini wani ta akwatin sirri wai in ba da ra'ayi, mutum uku a kan dawaki da rawuna suna sukar dorina da mashi, ga kada a ƙasa, ga karnuka uku. Jama'a wa ya yi wannan? Dorina a tudu, doki ya matso ta haka? Doki ko warinta ya ji ba zai tsaya ba. Kuma karen da ya kama dorina da haƙori me zai cije?

Bala Damagaram:
Rubens ne, wajen 1616, yana Munich yanzu. Mai mulkin Bavaria ne ya yi odar guda huɗu don ƙawata fadarsa: na zaki, na damisa, na aladen daji, da wannan. Wai a bakin kogin Nilu ne. Tun zamanin Rumawa ba a sake kai dorina mai rai Turai ba sai 1850 da aka kai ɗaya gidan namun daji na Landan, ka ga ai da wuya ya taɓa ganin tana motsi. Mutanenmu na bakin kogi a Ayorou su ne za su ba shi labarin dorina.

Ɗan Maharba:
To shi ya sa. Amma dawakin ya iya su, ban ƙi ba.

Alhaji Garba:
Tunda an zo kan dawaki. Ni abin da na lura, a ƙasar Hausa mai sarauta ba da farauta yake nuna isa ba. Da doki yake nunawa, da lifidi, da 'yan zagi, da yawan mahayan da ke bayansa ranar hawan sallah. Farauta sana'a ce mai sarkinta, Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, su ne ke kawo wa fada nama da fata. Abin da ya yi kama da shaƙatawar da kuke faɗa shi ne folo. Wasan sarakunan Farisa ne tun da can, yana cikin zanensu birjik, har yau ginshiƙan dutse na ragar wasan suna nan a babban dandalin Isfahan. Turawa suka ɗauko shi daga Indiya, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓe shi hannu biyu, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kai. Mu ba mu da masu zanen fada, makaɗa ke yi mana wannan aikin. Abin da Van Dyck ya yi wa gajeren sarki da tudu, shi maroƙi ke yi da baki.

Malam Habu:
Alhaji wannan magana ta zauna. Ko da yake a tarihin Kano an ce Barbushe maharbi ne mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Kafin doki ya zo, da farautar ake taƙama.

Ɗan Maharba:
Har gobe muna taƙama da ita Malam, kirarinmu ne dai ba a ratayewa a bango.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a na goge saƙo biyu da suka fara kawo sunayen 'yan siyasar yanzu da dawakinsu. A tsaya kan zane don Allah.

Sadiya:
Bari in ba Yaya Ɗan Maharba wanda zai huce da shi. A Manchester akwai zanen George Stubbs na wajen 1765. Rabbi ce, wannan mai kama da damisa mai tsananin gudu, da Indiyawa biyu masu kula da ita, ɗaya ya ɗaga mata jan ƙyallen da ake rufe mata ido, ɗaya na nuna mata namijin barewa. Gwamnan Madras ne ya kawo ta kyauta ga sarki George na uku. A 1764 aka sake ta a dajin Windsor a gaban manya don a ga yadda sarakunan Indiya ke farauta. Barewar ta sa ƙaho ta watsar da ita, rabbi ta ranta a na kare ta faɗa daji. Zanen ya tsaya ne daidai kafin abin kunyar. Mughal sun tara irin dabbar nan da yawa, an ce Akbar ya taɓa riƙe dubu a lokaci guda, kuma da wuya take haihuwa a tsare, kullum sai an kamo sabuwa. A 1952 aka sanar ta ƙare a Indiya. Sai a 2022 aka ɗauko wasu daga Namibiya aka sake a can.

Ɗan Maharba:
Allah ya yi wa barewar nan albarka. Amma in kuna son zanen da na yarda da shi, ɗana ya taɓa nuna mini wani a waya, mutum uku suna dawowa gari cikin ƙanƙara, sun sunkuyar da kai, karnuka sun sauke jela, abin da suka samo yanyawa ɗaya tak a rataye a bayan ɗayansu. Wanda ya zana wannan ya taɓa ganin maharbi ya dawo gida yana tunanin abin da zai gaya wa matarsa.

Bala Damagaram:
Bruegel ke nan, 1565, yana Vienna. Ba sarki ya sa shi ba, wani attajirin Antwerp ne ya yi odar jerin zanen lokutan shekara don gidansa.

Hajiya Turai:
Kun gani ko? Shi ma mai kuɗi ne ya biya, kuma ga talakawa sun cika shi. Lauya sai ka nemo mana dokar da ta bayyana wannan.

Lauya Musa:
Hajiya na sallama, yau ba ni da sashe. Amma ina nan kan bakana game da bindigar Andrews.

Hajiya Turai:
Ni kuma ina nan kan gajimarena. Sadiya, cinyar nan da ba a ƙarasa ba, ni na ce jariri ne. 'Ya'ya tara ta haifa daga baya in ban manta ba.

Sadiya:
Tara ne Hajiya. Amma akwai wani abu kamar gashin tsuntsu a hannunta, shi ya sa masu cewa tsuntsu ba su saki ba. Wasu kuma sun ce alƙalami ne, wasiƙa za ta rubuta.

Ɗan Maharba:
In tsuntsu ne, mai gadin daji ne ya harbo shi. Ƙanwata in kin koma ki duba mini takalminsa, ko akwai taɓo ko ɗigo ɗaya.

Sadiya:
Ranar Asabar in sha Allah, in na fito daga laburare. Zan ɗauko muku hoton takalmin da na cinyar.

Malam Habu:
Ki haɗa da na Velázquez, wajen masu riƙon karnukan nan. Litinin nake da ajin.